Rigar da Na Wanke a Dira

Duk ranar Juma'a bayan la'asar, in samarinmu direbobi da masu aikin gini suka shigo Dira, tsohuwar unguwar kasuwa ta Riyad, yawo, sai sun leƙo shagona sun tsokane ni. Sanusi direba ne shugabansu. Zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba Haruna, har yanzu dai gadin kayan shan iskar mata ake yi? Kai fa ka more, ga sanyi ga kujera, mu muna can rana tana gasa mana ƙeya." Ni kuwa sai in ce ya shigo ya zura mini zare ɗaya a allura. Har yau bai shigo ba. To, tunda bakinku ba ya gajiya, ku tsaya in gaya muku abin da ake yi a kan kujerar nan, da labarin rigar wata mata da na lalata, wadda ta kusa mayar da ni Funtuwa ba shiri.

Kayan da nake gyarawa rigunan zaman gida ne na matan da, dogayen nan masu faɗi da mace take sawa da safe a ɗakinta kafin ta yi shirin fita, an bi wuya da hannu da ƙasan rigar da leshi. Kada ku ji leshi ku tuna na biki da ake yankowa yadi biyar. Wannan siriri ne, wani faɗinsa bai wuce yatsa uku ba, kuma da hannu aka saƙa shi, zare bayan zare. Larabawa suna ce masa dantel. Fatake ne suke kawo wa matansu tsarabar irin waɗannan riguna daga Sham da Misira da Istanbul, tun kafin a haifi ubanku. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, a wajenmu tsohon kaya gwanjo ne, a ƙasa ake zube shi ana cewa zaɓi da kanka. A nan kuwa akwai masu tara su kamar yadda wasu suke tara tsofaffin butocin gahawa, kuma gwargwadon tsufan riga gwargwadon darajarta. Yawancinsu ba sa ma sawa. A kwali suke ajiyewa, lokaci zuwa lokaci su buɗe su duba.

Kwanakin baya wata yarinya mai sayar da tsofaffin kaya ta waya ta kawo mini riga, ta ce wani ya rantse mata ta kakarsa ce. Launinta ya yi ruwan madara irin na tsufa, har da ɗan rami a kafaɗa. Na juya leshin ta baya, na ɗora gilashin ƙara girma, na bi furannin ɗaya bayan ɗaya. Fure na farko da na ashirin ba su da bambanci ko na gashi. Aikin inji ke nan, domin hannun mutum ba ya maimaita kansa. A leshin hannu za ka ga inda mai saƙar ta ja zare da ƙarfi, da inda zarenta ya ƙare ta ɗaura wani. Sai na zaro zare ɗaya daga cikin ɗinki na kunna masa ashana. Auduga warin takarda take yi, siliki warin gashi. Wannan narkewa ya yi ya dunƙule kamar leda. A shayi aka jiƙa sabuwar riga aka shanya ta, ramin kuma da almakashi aka yi shi. Ta tafi tana ta faɗa a waya, ni kuma na koma kan aikina.

Kayan aikin duk a aljihun tebur guda suke: allurai masu siririn da in ɗaya ta faɗi ƙasa sai da maganaɗisu, ɗan almakashi mai lanƙwasasshen baki, gilashin nan, matashi mai tauri da ake kafe leshi a kai, sai wata raga mai laushi wadda ta fi gidan sauro ƙananan idanu, da ake shimfiɗawa a bayan inda ya ruɓe. Ruwan famfon Riyad ba ya taɓa kayan nan, gishirinsa ya yi yawa. Ruwan batir muke saye jarka-jarka, har mai shagon kayan mota ya taɓa tambayata motoci nawa gare ni. Bushewar garin nan ma abokiyar gaba ce. Rigar da ta shekara talatin a ninke, in ka ware ta kai tsaye, a kan layin ninkin za ta tsage. Sai an sa ta a akwati, an ajiye ɗanyen tsumma a gefe ba tare da ya taɓa ta ba, ta sha laima kwana biyu, sannan ta yarda a buɗe ta.

Duk wannan ban san ko ɗaya ba lokacin da na zo shagon nan. Ni mai wanki da guga ne. A wurin kawuna na koya a Funtuwa, kuma shekara shida na yi a wata magasala, wato gidan wanki, a unguwar Shifa nan Riyad, ina goge fararen rigunan Larabawa har masu kaya suna cewa a ba Haruna nasu. Da aka sayar da magasalar, kafilina, wanda nake zaune a ƙasar da sunansa, ya ce in nemi wanda zai karɓi kafalata, in ba haka ba ya buga mini fita ta ƙarshe daga ƙasar, ga igamata, wato takardar izinin zama, saura 'yan watanni. Wani ɗan garinmu ya kai ni wurin Abu Nizar, wani tsoho mutumin Sham, mai wannan shagon a lokacin. Sana'arsa gyaran tsofaffin tufafi, ya fi shekara arba'in yana yi, amma yanar ido ta rufe masa gani. Ya ce in zauna ya ga hankalina tukuna, in ya gamsu zai sa hannu a takardar karɓar kafalata. Aikina shara, dafa shayi da ɗauko kwalaye.

Sati uku da zuwana aka kawo rigar. Mai ita wata dattijuwa ce, Ummu Bandar, ta zo da direbanta yana ɗauke da kwali. Ta ce rigar mahaifiyarta ce, Allah ya jiƙanta, leshin wuyan ya ɗan ɓalle a wuri ɗaya, shi kaɗai take so a kama. Za ta tafi wurin ɗanta a ƙasar waje a duba mata gwiwa, sai bayan wata uku za ta dawo. Abu Nizar ya shafa wuyan rigar da yatsa, bai ko ware ta ba, ya ce in sha Allahu, ya mayar da murfi. Washegari ya tafi asibiti a yi masa aikin ido. Ya bar mini mukulli, ya ce kwana huɗu zai yi.

Kwana biyu ina zaune ba abin yi, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na buɗe kwalin. Auduga ce mai laushin da ban taɓa riƙe irinta ba, in ka ɗaga ta kana hango hannunka ta ciki, amma duk ta yi rawaya, ga kuma wani tabo ja-ja mai duhu a gefen dama, daidai gwiwa. Ku da kuka taso a gida kun san yadda muke. Farin kaya a wajenmu bai wanku ba sai ya sha bilic, an tsoma shi a bula ya ɗauko shuɗin nan mai ɗaukar ido, an ba shi sitaci, an bi shi da dutsen guga har ya iya tsayawa da kansa. Kuma ma'aikacin da zai ga farin kayan maigidansa ya dafe ya naɗe hannu, a gidan kawuna malalaci ake ce masa. Na ce a raina, ga hanyar da zan nuna wa tsohon nan cewa ba ɗan shara ya ɗauka ba.

Na jiƙa ta a bokiti a bayan shago. Rawayar ta fita nan da nan, amma tabon ya ce bai san zance ba. Na fi awa guda a kansa, ina ɗiga bilic, ina cuɗawa da babban yatsa, ina ɗagawa in duba a hasken rana. Har mamakin siffarsa nake yi, don ba zagaye yake ba irin na zubar shayi. Layi huɗu ne gajeru a jere, da wani ɗan guntu a can gefe. Da ƙyar ya ɓace. Na sa bula, na sa sitaci, na goge da dutse mai zafi, na rataye ta a tsakiyar shago don ita ce farkon abin da zai gani. Gaskiya na ji daɗin kaina a ranar.

Abu Nizar ya dawo da bandeji a ido ɗaya, ɗayan kuma da ma dishi-dishi yake gani. Bai kai ga rigar ba ya tsaya, ya ja iska ta hanci. Ya ce, "Ya Haruna, wa ya shigo da bilic shagona?" Na ce, "Mu'allim, ni ne, ga aikin ma." Ya miƙa hannu ya kama hannun rigar, sai ta yi ƙara kamar an murza takarda. Ya bi leshin da yatsa, ina kallo ƙananan zaren da suke haɗa fure da fure suna karyewa suna zubowa kan tebur. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya laluba kujera ya zauna ya ce, "La haula wala ƙuwwata illa billah. Matar da ta saƙa wannan ta yi wata shida a kansa. Kai ka gama da shi kafin azahar."

Na ɗauka a ranar zan tattara kayana. Tsoro ya kama ni sosai, don fita ta ƙarshe ba wasa ba ce ga mai iyali tara a gida. Sai da ya sha shayi kofi biyu sannan ya ce, "Idona ba zai zura allura ba nan da wata uku, kuma ba zan kai amanar mutane wani shago a yi mini dariya ba. Kai ka ɓata, kai za ka gyara, ni zan zama hannunka na baya. Takardarka tana nan a aljihun tebur. Ran da mai riga ta zo, da bakinka za ka gaya mata abin da ka yi. In ta karɓa, in sa hannu. In ta ƙi, halas, shi ke nan."

Wata ukun nan su ne lokacin wahalata, kuma su ne makarantata. Sati biyun farko ban taɓa allura ba, wanki muka warware. A shimfiɗe rigar a babban tire a kan raga, a zuba ruwan batir mai ɗumi kaɗan, a bar ta, a tsiyaye, a sake. Ba cuɗawa, ba matsewa, ba ɗagawa da hannu, sai dai a ɗaga ragar da ita gaba ɗaya. Na daina ƙirga sau nawa muka canza ruwa kafin sitacin ya sake ta. Bula ta fi taurin kai, sai da muka ɗiga ruwan kal, wato binega, kaɗan. Ni da nake wanke riga sittin a wuni, ga ni zaune ina kallon riga ɗaya tana jiƙa. In na motsa, tsohon ya ce, "Shuwayya shuwayya, a hankali, ba jirgi za ka hau ba."

Daga nan ya ba ni wani ruɓaɓɓen leshi da ba na kowa ba, ya ce in koya a kansa. Abin da ake yi shi ne, a kafe furanni biyu a kan matashi daidai tazararsu ta asali, a ja zare daga wannan zuwa wancan sau uku, sannan a bi bayansa da ƙananan ƙulli a jere har ya zama sanda guda siririya. Guda ɗaya ke nan, rigar kuwa ɗaruruwa take nema. Yatsuna yatsun riƙe dutsen guga ne, allurar sai ta ɓace a tsakaninsu. In na gama, zai shafa da ɗan yatsansa, ido a rufe, ya ce, "Wannan igiyar ɗaure akuya ce, warware." Sai da na yi wata guda kafin ya shafa ya yi shiru. Shirun nan shi ne yabonsa, ban taɓa jin wanda ya fi shi daga bakinsa ba.

A kan leshin Ummu Bandar na fara sanin cewa akwai mutum a cikin aikin nan. Ta cikin gilashi na lura mai saƙar bahaguwa ce, ƙullinta duk ta hagu yake kwanciya, dole ni ma na juya hannuna don nawa ya bi nata. A hannun riga na dama akwai furen da ganyensa biyar ne maimakon shida. Na ce, "Mu'allim, in cika mata?" Ya ce, "Kai wa ya aike ka? Wataƙila kiranta aka yi ta tashi. Bar mata abinta." Na daɗe ina tunanin matar nan, wace ƙasa ce, me aka kira ta ta yi, ko ta lura daga baya. Zaren da muka yi aiki da shi ma ba sabo ba ne, daga wata tsohuwar riga da ba ta gyaruwa muka zare shi. A ƙarshe muka dafa shayi marar ƙarfi, muka gwada a ƙyalle har kala bakwai, sannan muka mayar wa rigar ruwan madararta. Abu Nizar ya ce wannan ma sai na faɗa mata, domin shayin da aka ɓoye shi ne ha'inci.

Abu ɗaya ne ban gaya masa ba, wato tabon nan na gwiwa. Shi bai gan shi ba tun farko, saboda bai ware rigar ba kuma idonsa ba ya kaiwa. Ni kuma na ajiye zancen a matsayin hujjata. Na ce in ta yi fushi da sauran, sai in nuna mata cewa a cikin ɓarnar akwai abu guda da na yi daidai.

Ta dawo ana saura kwana goma sha biyu igamata ta mutu. Da hantsi ta zo, tana dogara sanda, direbanta ya tsaya a waje. Na shimfiɗa rigar a tebur, na tsaya na faɗa mata komai da guntun Larabcina, tun daga bilic har shayi. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta sa tabarau ta bi wuyan da hannayen, ta daɗe, sannan ta ce, "Ma sha Allah. Da ba ka faɗa ba, da ban gane ba, ya waladi, ɗana." Zuciyata ta kwanta. Har na ga Abu Nizar ya kai hannu aljihun tebur. Sai ta zame hannunta zuwa ƙasan rigar ta gefen dama, ta shafa, ta juya ta duba hagu, ta sake dawowa dama.

Na yi sauri na ce, "Ya Ummu Bandar, in tabon nan kike nema, na fitar miki da shi. Ya ba ni wuya, amma ko alamarsa babu."

Ta ɗago ta dube ni, sannan ta nemi kujera. Ta ce, "Ina da shekara biyar na faɗo daga matakalar soro a tsohon gidanmu, nan bayan kasuwar nan. Mahaifiyata tana zaune an gama sa mata lalle, bai bushe ba. Da ta ji kukana, ta tattare rigar da hannun lallen ta rugo. Tabon nan yatsunta ne. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, abin da ya rage mini na jikinta ke nan."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, har takardar kafalar ma na manta da ita. Abu Nizar ya mayar da aljihun tebur ya rufe. Can ya ce a hankali, "Ya Ummu Bandar, in kina so, akwai lalle, ana iya mayar da shi yadda ba wanda zai gane."

Ta ce, "Da hannun wa?"

Ta juyo gare ni ta ce, "Ka ce ya ba ka wuya. Ka kalle shi da kyau ke nan?" Na ce na fi awa guda ina kallonsa. Ta ce in zana mata. Na yago takardar da muke naɗe kaya, na ɗauki fensir, na zana layi huɗun a jere daidai girmansu, da ɗan guntun babban yatsa a gefe. Ta karɓa ta duba, ta ce ƙaramin yatsan ya fi haka karkata waje, don ya taɓa karyewa. Na goge na gyara. Ta ce na tsakiyan ya ɗan fi duhu a kai. Na ƙara masa fensir. Sau huɗu muna yi, sannan ta ɗora yatsunta a kai ta ce, "Haka yake."

Ta miƙe da ƙyar, ta ce wa Abu Nizar, "Na ji an ce takardarsa tana hannunka. Sa masa hannu. Ban da ni, ba wanda ya rage a duniya da ya kalli hannun nan kamar shi." Na ninke rigar na sa a kwali na rufe. Ta kira direba ta ce ya kai kwalin mota. Takardar zanen kuwa ba ta ba shi ba, ita ta fita da ita a hannunta.